Kumburin Jijiyoyin Maraina da Rashin Haihuwar Maza: Wa Tiyata Ke Amfana?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a shekarar 2023, ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin kowane 6 na baligan duniya yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Abin da likitoci ke nufi da rashin haihuwa shi ne miji da mata su shafe wata 12 suna saduwa a kai a kai, ba tare da wata dabarar tazarar haihuwa ba, amma ciki bai shiga ba. Bincike ya daɗe da tabbatar da cewa a kusan rabin irin waɗannan gidaje akwai matsala ta ɓangaren miji, ko shi kaɗai ko haɗe da ta matar, duk da cewa a ƙasar Hausa, kamar a ƙasashe da dama, mace ake fara nuna wa yatsa, ita ake kira juya, kuma ita ce ke zarya tsakanin asibiti da gidajen masu magani. Daga cikin dalilan da ke rage wa namiji ikon haihuwa, wanda aka fi cin karo da shi cikin waɗanda aikin tiyata ke iya gyarawa shi ne kumburin jijiyoyin maraina, wanda likitoci ke kira barikosil, littattafan likitancin Larabci kuma ke kira dawali.

Yadda ciwon yake da inda yake fitowa

Kowane ɗan maraina yana rataye ne a jikin wata igiya da ta sauko daga cikin mara, ta ratsa matsematsi, ta shiga jakar maraina, kuma a cikin wannan igiya akwai bututun da ke ɗaukar ƙwayoyin maniyyi, da jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, da siraran magudanan da ke kwashe ruwan jiki, da kuma wani dunƙulen ƙananan jijiyoyi masu mayar da jini sama, waɗanda suka sarƙe da juna kamar saƙar raga. Jinin da ke cikin waɗannan jijiyoyi hawa yake yi idan mutum yana tsaye, saboda haka a cikinsu akwai 'yan marufai da ke buɗewa ta gefe guda, su bar jini ya wuce sama, su hana shi komowa. Idan marufan suka yi rauni, ko kuma aka haifi mutum ba su cika ba, sai jini ya riƙa gangarowa yana taruwa, jijiyoyin su buɗe su murɗe, har wanda ya shafa su ya ji kamar tarin tana a cikin jaka. Wannan ya bambanta da gwaiwar ruwa, wadda ruwa ne ke taruwa kewaye da ɗan maraina, ya kuma bambanta da ƙaba, wadda hanji ne ke zurarowa ta wata kafa a bangon ciki, ko da yake jama'a sukan haɗa su duka a suna ɗaya.

Kusan kashi 90 cikin 100 na wannan kumburi a hagu ake samunsa, kuma dalilin yana cikin halittar jiki. Jijiyar ɗan maraina na dama tana zuba jininta kai tsaye, a karkace, cikin babbar jijiyar da ke komawa zuciya, yayin da ta hagu ta fi tsawo da kamar santimita 8 zuwa 10, kuma a cikin jijiyar ƙodar hagu take zubawa, a miƙe kamar yadda layi ke shiga babban titi, abin da ke sa jinin ya fi shan wahalar wucewa. Ƙari a kan haka, ita jijiyar ƙodar hagu tana bi ne ta tsakanin wasu manyan jijiyoyi biyu da ke iya matse ta, kuma duk matsin da ya same ta yakan koma kan jijiyar da ke ƙasa da ita.

Ciwon yakan fara bayyana ne a shekarun balaga, kuma ana samunsa a jikin kusan kashi 15 cikin 100 na dukkan maza, waɗanda mafi yawansu suna haihuwa lafiya, wasu ma har su tsufa ba su san suna da shi ba. Sai dai adadin yakan haura zuwa kashi 35 ko 40 cikin 100 a tsakanin mazan da ba su taɓa haihuwa ba suka je neman magani, kuma wasu binciken sun same shi a jikin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na mazan da suka taɓa haihuwa sannan haihuwar ta tsaya. Wannan adadi na ƙarshe shi ne ya sa likitoci da yawa ke ganin cewa illar ciwon tana ƙaruwa ne sannu a hankali tare da shekaru.

Abin da yake yi wa ƙwayoyin maniyyi

Hikimar kasancewar maraina a wajen ciki ita ce ƙwayoyin maniyyi ba sa samuwa yadda ya kamata sai a yanayin da ya gaza zafin jiki da kamar digiri 2 zuwa 3 a ma'aunin Salshiyas. Ragar jijiyoyin da aka ambata ita ce ke aikin sanyayawa, domin jinin da ke fitowa daga maraina, wanda ya riga ya huce, yana kewaye jijiyar da ke kawo jini mai ɗumi daga ciki, yana zuƙe mata zafi kafin ta isa. Idan jini ya tsaya cik a cikin ragar, sanyayawar takan lalace, zafin maraina ya ƙaru, wasu gurɓatattun sinadarai kuma su yawaita, waɗanda ke cin fatar ƙwayoyin maniyyi da sinadarin gado da ke cikinsu kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Sakamakon haka shi ne ƙwayoyin su ragu, gudunsu ya yi rauni, siffarsu ta gurɓace, abin da wani masani a Amurka, John MacLeod, ya bayyana dalla-dalla a shekarar 1965. A wasu mazan ɗan maraina na gefen da abin ya shafa yakan ƙanƙance ya yi laushi, a wasu kuma sinadarin mazantaka, wato testosteron, yakan ragu.

Ya kamata a bambance ruwan maniyyi da ƙwayoyin da ke cikinsa, domin a nan ne ruɗani ya fi yawa. Mafi yawan ruwan daga wasu gaɓoɓi yake fitowa da ke kusa da mafitsara, ƙwayoyin kuwa, waɗanda ido ba ya ganinsu, su ne ke fitowa daga maraina, saboda haka namiji yana iya kasancewa da cikakken ƙarfin biyan haƙƙin iyalinsa, ruwansa da yawa da kauri, alhali ƙwayoyin da za su haɗu da ƙwan mace kaɗan ne ko babu su sam.

Yadda ake gano shi

Hannun likita shi ne ma'auni na farko, kuma ana duba mutum ne yana tsaye a ɗaki mai ɗumi, domin sanyi yakan sa jakar ta tsuke, kwanciya kuma takan sa jinin ya koma ciki kumburin ya ɓace. Tun a shekarar 1970 likitoci biyu, Dubin da Amelar, suka kasa ciwon mataki uku da har yau ake amfani da su: mataki na ɗaya shi ne wanda ba a jinsa sai mutum ya riƙe numfashi ya yi yunƙuri, na biyu shi ne wanda ake ji da hannu ba tare da yunƙuri ba, na uku kuma shi ne wanda ake ganinsa da ido ta cikin fata. Akwai kuma wanda hannu ba ya ji ko kaɗan, sai na'urar sikanin ta nuna jijiya ta buɗe kamar milimita 3 ko fiye jini kuma yana komowa, kuma wannan rukuni, kamar yadda za a gani, shi ne ya haddasa mafi yawan saɓani a kan amfanin tiyata.

Ma'auni na biyu shi ne gwajin maniyyi, wanda ake ɗauka bayan ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7, kuma akan maimaita shi idan na farko ya fito da matsala, saboda zazzaɓi ko wata rashin lafiya ta ɗan lokaci tana iya saukar da adadin. Littafin ƙa'idojin gwajin maniyyi na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na shida na shekarar 2021, ya nuna cewa iyakar ƙasa da aka samu a tsakanin mafi yawan mazan da matansu suka yi ciki cikin shekara guda ita ce ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, da miliyan 39 a zubi ɗaya, kashi 30 cikin 100 nasu suna tafiya gaba, kashi 4 cikin 100 kuma suna da siffa ta daidai. Wanda ya gaza waɗannan adadi ba a yanke masa hukuncin cewa ba zai haihu ba, damarsa ce dai ta ragu. Akwai alamar da likita ba ya wasa da ita, wato kumburin da ya bayyana kwatsam a jikin dattijo, ko wanda ke dama kaɗai, ko wanda ba ya sacewa idan an kwanta, domin yana iya zama wani ƙari ne a ƙoda ko a bayan ciki ya danne jijiyar.

Tarihin aikin

Ciwon tsoho ne a littattafan likitanci. Celsus, marubucin Rumawa na ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, ya bayyana kumburin ya kuma lura da ƙanƙancewar ɗan maraina na gefen da ya shafa, sannan Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan fiɗa na Kurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a wajen shekarar 1013, ya yi bayanin ɗaure jijiyoyin a littafinsa al-Tasrif. A waɗancan ƙarnoni saboda ciwo da nauyi ake yin aikin, kuma haɗarinsa babba ne, domin likitan da ba ya iya bambance jijiya mai kawo jini da mai mayar da shi yana iya ɗaure su gaba ɗaya, ɗan maraina ya shanye. A shekarar 1832, a birnin Montpellier na Faransa, wani mutum ya harbe shahararren likitan fiɗa Jacques Delpech har lahira, kuma masu tarihin likitanci sun danganta kisan da aikin wannan ciwo da likitan ya taɓa yi wa mutumin.

Tsarin aikin na zamani ya fara ne a Kudancin Amurka, inda Oscar Ivanissevich na Ajantina ya bayyana a 1918 yadda za a tsaga matsematsi a ɗaure jijiyoyin a can sama, nesa da jakar maraina, sannan Alejandro Palomo na Gwatamala ya ƙara hawa sama a 1949, ya riƙa ɗaure su a bayan ciki, inda suka haɗe suka zama ɗaya ko biyu. Alaƙar aikin da haihuwa kuwa ta samu karɓuwa ne bayan shekarar 1952, lokacin da Selby Tulloch, likita a Edinbura ta Sikotland, ya ba da rahoton wani mutum da ba a samu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa ba, aka ɗaure masa jijiyoyin gefe biyu, ƙwayoyin suka dawo, matarsa kuma ta samu ciki. Daga nan aikin ya bazu har ya zama tiyatar da aka fi yi wa maza masu neman haihuwa.

Hanyoyin da ake bi a yau

Manufar kowace hanya ɗaya ce, wato a toshe jijiyoyin da jini ke gangarowa ta cikinsu, a bar jijiyar da ke ciyar da ɗan maraina, da bututun maniyyi, da magudanan ruwa, jinin kuwa ya nemi hanyar komawa ta wasu ƙananan jijiyoyi masu lafiya, musamman waɗanda ke rakiyar bututun maniyyi. Bambancin hanyoyin yana ga inda ake shiga da kuma iya abin da idon likita ke gani. Hanyar Palomo tana da sauƙi da sauri, amma takan bar wasu rassa da suka kauce ta ƙasa, kuma takan haɗa da magudanan ruwa a ɗaurin, abin da ke jawo gwaiwar ruwa daga baya. Hanyar huda ciki da ƙaramar kyamara, wadda ta yaɗu a farkon shekarun 1990, tana ɗaure jijiyoyin a wuri guda da ta Palomo, tana da amfani idan gefe biyu za a yi, sai dai tana buƙatar cikakkiyar allurar barci, kuma akwai ɗan haɗarin taɓa hanji ko wata babbar jijiya. Akwai kuma hanyar da ba yanka a cikinta, inda likitan hoto ke zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta wuya, yana kallo a allon hoton ƙashi, har ya isa jijiyar maraina ya toshe ta da 'yan murɗaɗɗun wayoyi ko da wani ruwa mai liƙe ta, amma wani lokaci ba a samun shiga jijiyar, musamman ta dama.

Hanyar da ta fi samun yabo ita ce ta madubin tiyata mai ƙara girman abu, wadda Joel Marmar ya bayyana a 1985, Marc Goldstein na birnin New York kuma ya faɗaɗa a 1992. Ana tsaga fata kamar santimita 2 zuwa 3 a ƙasan matsematsi ko a kansa, a ɗago igiyar maraina waje, a buɗe ta ƙarƙashin madubin da ke ninka girman abu sau 10 ko fiye, sannan a bi jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya ana ɗaurewa ana yankewa. Jijiyar da ke kawo jini faɗinta bai wuce kamar milimita 1 ba, kuma sau da yawa tana manne da waɗanda za a yanke, saboda haka likita yakan nemi bugunta da ido, ko ya saurare ta da 'yar na'ura mai jin motsin jini. Magudanan ruwa kuwa farare ne kamar zaren gizo-gizo, ba a ganinsu sosai sai da madubin. Ana iya yin aikin da allurar kashe wurin kaɗai, ko ta baya, ko ta barci, kuma galibi mutum yakan koma gida a ranar.

Wani nazari da Cayan da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, inda suka tattara sakamakon binciken da aka yi kafinsu, ya nuna girman tazarar da ke tsakani: ciwon ya dawo wa kusan kashi 15 cikin 100 na waɗanda aka yi wa hanyar Palomo, da kusan kashi 4 na hanyar kyamara, da kusan kashi 1 na hanyar madubi, gwaiwar ruwa kuma ta samu kusan kashi 8 a hanyar Palomo, amma ba ta kai kashi 1 ba a hanyar madubi. Madubin yana da tsada kuma yana buƙatar horo na musamman, saboda haka a asibitoci da yawa likitoci sukan yi aikin da tabarau mai ƙara girma kaɗan, wanda ya fi ido tsura amma bai kai madubin ba.

Saɓanin masana da inda aka tsaya

Gyaruwar sakamakon gwaji ba ita ce samun ciki ba, kuma a kan wannan ne aka shafe shekaru ana jayayya. Wani bincike da Nieschlag ya jagoranta a birnin Münster na Jamus, wanda aka wallafa a 1998, ya gano cewa ma'auratan da aka bai wa shawara kawai sun samu ciki kusan daidai da waɗanda aka yi wa mazansu aiki, sannan a 2003 wasu masu bincike biyu, Evers da Collins, suka tattara gwaje-gwajen da ake da su suka ce babu hujjar cewa aikin yana ƙara samun ciki. Likitocin mafitsara da al'aurar maza sun mayar da martani cewa an cakuɗa marasa lafiyar da ba iri ɗaya ba, domin cikin waɗancan gwaje-gwaje akwai mazan da sikanin kaɗai ya nuna kumburinsu, akwai kuma waɗanda maniyyinsu lafiya lau yake, kuma ba a sa ran aiki ya gyara abin da bai lalace ba. A shekarar 2011 Abdel-Meguid da abokan aikinsa a Jidda ta Saudiyya suka wallafa gwajin da suka taƙaita ga mazan da kumburinsu ke jiyuwa a hannu kuma maniyyinsu ke da rauni, inda cikin shekara guda matan kusan kashi 33 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin madubi suka samu ciki, idan aka kwatanta da kusan kashi 14 na waɗanda aka sa wa ido kawai. Nazarin 2021 na ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken likitanci, ya amince cewa aikin yana iya ƙara samun ciki, tare da nuna cewa hujjar da ta shafi haihuwar jariri da rai ba ta yi ƙarfi ba tukuna.

Matsayin da manyan ƙungiyoyin likitocin Amurka da na Turai suka tsaya a kai shi ne a yi aikin idan sharuɗɗa sun haɗu: kumburin yana jiyuwa a hannu, gwajin maniyyi ya nuna rauni, ma'auratan suna fama da rashin haihuwa, ita kuma matar an duba ta an ga lafiyarta ƙalau ko matsalarta mai gyaruwa ce. Kumburin da sikanin kaɗai ya gani ba a yi masa aiki. Saurayin da ɗan marainansa na gefen kumburin ya gaza ɗayan a girma a fili, da mutumin da ciwo mai nauyi ya daɗe yana damunsa, su ma akan duba yiwuwar yi musu. Wanda babu ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa kuwa, wani lokaci 'yan ƙwayoyi sukan bayyana bayan aikin, amma galibi ba sa isa a samu ciki ta hanyar da aka saba sai an haɗa da dashen ƙwai, wato haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji.

Lokaci shi ne sharaɗin da aka fi mantawa da shi. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta kammala samuwa, saboda haka ba a sake gwaji sai bayan wata 3, kuma mafi yawan gyaruwar, wadda ake gani a jikin kamar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na waɗanda suka cika sharuɗɗa, takan bayyana ne cikin wata 3 zuwa 6. Idan matar ta haura shekara 35, lokacin da ƙwayayenta ke raguwa da sauri, jiran shekara guda yana iya zama asara, kuma a irin wannan hali likita yakan auna ko ya fi kyau a tafi kai tsaye ga haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, musamman dabarar cusa ƙwayar maniyyi guda cikin ƙwai, wadda aka fara samun nasararta a Beljiyam a 1992.

Abin da ya shafi ƙasar Hausa

Dalilai biyu ne suka sa wannan aiki ke da nauyi na musamman a tsakanin Musulmi masu ƙaramin ƙarfi. Na farko shi ne fatawar da ta fito daga Masar a 1980, wadda malaman Sunna suka bi, ta halatta dashen ƙwai tsakanin miji da matarsa amma ta haramta amfani da maniyyin wani namiji, abin da ke nufin cewa da maniyyin mijin kaɗai za a nemi mafita. Na biyu shi ne tsada, domin dashen ƙwai ana biyansa ne a kowane zagaye ba tare da tabbacin nasara ba, kuma cibiyoyinsa a manyan birane suke, alhali ɗaure jijiyoyi aiki ne na sau ɗaya da sassan likitocin mafitsara na asibitocin koyarwa, irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, suka san shi.

Abin da ke hana cin wannan amfani shi ne maza ba sa zuwa a duba su. Wanda bai taɓa haihuwa ba yakan kafa hujja da ƙarfinsa a shimfiɗa, ya koma ga maganin sanyi da na basir da na ƙarfin maza, wani ma har a yi masa allurar testosteron, wadda a haƙiƙa dakatar da samuwar ƙwayoyin maniyyi take yi muddin ana amfani da ita. Wanda ya taɓa haihuwa kuwa hujjarsa ta fi ƙarfi a idon dangi, domin ga 'ya'yansa nan ana gani, kuma idan haihuwar ta tsaya shekara da shekaru, shawarar da aka fi ba shi ita ce ya ƙara aure. Amma wannan rukuni na biyu shi ne wanda binciken likitoci ya fi samun kumburin jijiyoyin maraina a jikinsa, kuma abin da ake buƙata don a gane hakan bai wuce likita ya duba shi yana tsaye na 'yan mintoci ba, sannan a yi gwajin maniyyi sau biyu, kafin a ɗora wa uwargida ko amarya wani sabon zagaye na gwaje-gwaje da magunguna.